FASHIN BAƘI: Wa ke sa hannu a kan wayarin gidajen Kawo? Tarihi da aikin ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki

A ƙa'ida, mutumin da ya kammala gini a Kawo, ko Unguwar Dosa, ko Hayin Banki, ba zai samu wutar lantarki ba sai ya cike wata takarda da tun zamanin NEPA ake kira Fom 74. A cikin takardar akwai gurbin da mai gida ba shi da ikon cikewa, haka ma birkila ko injiniyan da ya zana ginin. Gurbin na ɗan kwangilar lantarki ne mai lasisi, wanda zai sa hannu ya shaida cewa wayarin da aka binne a bangon gidan ya cika ƙa'ida, kuma ba zai kashe kowa ba idan aka sako wuta.

A kan wannan sa hannu ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki masu lasisi ta Najeriya, wadda aka fi sani da LECAN, ta gina martabarta. Tana da shugabanci na ƙasa da rassa a jihohi, har da Kaduna. Mutane da yawa suna ɗaukarta wani sashe na kamfanin wuta ko ofishin gwamnati, alhali ƙungiya ce ta masu sana'a, irin ta direbobi ko ta masu sayar da magani. Ba ita ke ba da lasisi ba, kuma ba ta da ikon kama kowa. Duk da haka, tsaron rayukan mutanen da ke kwana a ƙarƙashin rufin kwano da silin ya rataya ne a kan ko 'ya'yanta suna ɗaukar sa hannunsu da muhimmanci.

Inda alhakin kamfani ya ƙare

Wutar da ke shiga Kawo tana yin doguwar tafiya. Babbar tashar Mando, wadda ke maƙwabtaka da unguwar, tana karɓar wuta mai ƙarfin bolt 330,000 daga layin Shiroro, a rage ƙarfinta mataki-mataki har ta iso taransifomar unguwa, daga nan ta shiga gida da ƙarfin bolt 230. Kowane zango yana da mai shi. Kamfanin TCN ke riƙe da manyan layuka, Kaduna Electric kuma ke rarrabawa a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara.

Alhakin kamfanin rarraba wuta yana tsayawa ne a kan mita. Duk abin da ke bayan mita, daga akwatin rarraba layuka zuwa soket na ƙarshe a ɗakin girki, na mai gida ne, kuma mai gida ba ya ganin abin da aka sa masa. Da zarar an yi filasta an shafa fenti, wayar ta ɓace daga ido na shekaru ashirin ko talatin. Mai sayen buhun masara a kasuwar Kawo ranar Talata yana iya zura hannu ya duba ƙwayar kafin ya biya. Wanda ya biya kuɗin wayarin bai da wannan dama, sai dai ya dogara da amanar wanda ya yi aikin. Saboda haka ne kusan duk ƙasar da lantarki ya shiga ta wayi gari tana buƙatar abu biyu: hukumar da za ta tantance masu aikin, da ƙungiyar da masu aikin za su riƙa sa wa juna ido.

Daga Landan zuwa Ikko

Tsoron gobara ne ya haifi dokokin wayarin. A 1882, lokacin da fitilar lantarki ta fara shiga gidajen Ingila, ƙungiyar injiniyoyin wayar tangaraho da lantarki ta fitar da wasu 'yan ƙa'idoji, shafuka huɗu kacal, kan yadda za a kauce wa gobarar da hasken lantarki ke jawowa. Waɗannan shafuka ne suka yi ta kumbura har suka zama kundin da yau ake kira BS 7671. Amurka ta fitar da nata kundin a 1897. Bayan ƙa'idoji sai ƙungiyoyi suka biyo: a 1901 'yan kwangilar lantarki na Birtaniya suka kafa ECA, a shekarar kuma takwarorinsu na Amurka suka kafa NECA a birnin Buffalo. Damuwarsu iri ɗaya ce. Mai aiki da kyau yana sayen waya mai kauri, yana ɓata lokaci wajen gwaji, don haka farashinsa ya fi tsada, mai ha'inci kuma yana karya farashi ya ƙwace aikin. Idan babu wata alama da za ta bambanta su a idon mai gida, na kirkin ne zai bar sana'ar.

Najeriya ta gaji tsarin Birtaniya kusan ɗungurungum, har da filogi mai ƙafa uku da ake gani a kowane gida. An fara samar da lantarki a Ikko a 1896, a ƙarƙashin sashen ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra domin ma'adinan kuza na Jos. Hukumar ECN ta fara aiki a 1951, aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja a 1962, madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, sannan a 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA.

Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917, ta girma tare da wannan tarihi. Barikokin soja, ofisoshin gwamnatin yanki, layin dogo, da masaƙun Kakuri da suka fara da KTL a 1957, duk sun buƙaci masu haɗa wuta, kuma a nan aka horar da ƙarni na farko na ƙwararru. A wancan zamani hanyar a fili take. Yaro zai shiga makarantar koyon sana'a ko ya zauna a hannun maigida, ya ci jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago daga mataki na uku zuwa na ɗaya, sannan ya nemi lasisi daga sashen sufetocin lantarki na ma'aikatar tarayya mai kula da wuta. Masu riƙe da irin wannan lasisi ne suka dunƙule suka zama LECAN. Da yake NEPA kusan ita kaɗai ce mai sako wuta a faɗin ƙasa, kuma ba ta karɓar fom sai da sa hannun mai lasisi, ƙungiyar ta samu matsayi mai ƙarfi, don duk mai son wuta sai ya bi ta hannun ɗaya daga cikin irin mutanenta.

Abin da ke cikin bango

Kafin a fahimci nauyin sa hannun, sai an san abin da ake shaidawa. Waya tana ɗumi gwargwadon wutar da ke bi ta cikinta, kuma siririyar waya ta fi saurin zafi. Shi ya sa aka saba amfani da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 a layin fitilu, mai 2.5 a layin soket, mai 4 ko 6 ga kayan da ke jan wuta da yawa kamar na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki. Hitar dafa ruwa mai wat 3,000 tana jan kusan amp 13 ita kaɗai. Idan aka jona ta a layin da aka yi domin ƙwan fitila, aka ƙara dutsen guga da firji, robar da ta lulluɓe wayar za ta fara laushi a cikin silin, inda babu mai gani, kusa da katakon rufi da ya bushe da zafin bazara.

Abin da ya kamata ya hana hakan shi ne fis ko bireka, wanda aikinsa ya katse wuta kafin waya ta ƙone. Sai dai dole ne a daidaita girmansa da kaurin wayar. Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi haɗari, shi ne mai gida ya gaji da bireka mai yawan faɗuwa, ya kira mai gyara, shi kuma ya cire ƙaramin ya sa babba, ko ya ɗaure fis da waya mai kauri. Daga ranar wuta ta daina yankewa, kowa ya ji daɗi, amma an mayar da wayar cikin bango ita ce fis ɗin.

Sai kuma wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe a kafa cikin ƙasa domin wutar da ta ɓalle ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. Gida zai yi shekaru fitilu na ci, fanka na juyawa, ba tare da wannan waya ba, don haka ita ce abu na farko da ake zaftarewa idan kuɗi ya yi kaɗan. Ranar da za a san babu ita, ita ce ranar da firji ko injin jan ruwa ya ja wani yaro mai jiƙaƙƙen ƙafa. Akwai ƙaramar na'urar da ke katse wuta nan take idan ta ji ɓallewar da ta kai miliamp 30, kuma kuɗinta bai kai na ƙofar ƙarfe ɗaya ba, amma gidaje da yawa ba su da ita.

Ƙa'ida ta ce kafin a sa hannu sai an gwada duk waɗannan da na'ura: a auna ƙarfin robar waya, a tabbatar wayar ƙasa ta isa kowane soket, a duba ba a juya layin wuta da na dawowa ba. Aikin awa biyu ko uku ne a matsakaicin gida.

Bayan an sayar da NEPA

Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta rushe NEPA, ta kawo PHCN da hukumar NERC mai sa ido. A ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, na Kaduna kuwa sai a Disamba 2014. Wannan sauyi ya bar tambaya a buɗe: wa zai riƙa duba ingancin aiki yanzu da masu sako wuta suka zama 'yan kasuwa masu neman ƙarin kwastomomi?

Amsar ita ce NEMSA, hukumar da aka kafa da dokar 2015, wadda shugabanta ke riƙe da muƙamin babban sufeton lantarki na tarayya. Injiniya Peter Ewesor ne ya fara riƙe kujerar. Hukumar ce ke duba sabbin ayyukan lantarki kafin a sako masu wuta, tana gwada mitoci, tana binciken haɗurra, kuma ita ke tantance masu aikin wayarin ta ba su takardar ƙwarewa rukuni-rukuni, gwargwadon girman aikin da mutum zai iya ɗauka. A shekarar 2015 ɗin ne kuma NERC ta fitar da kundin ƙa'idojin samar da wuta da haɗa ta, wanda ake kira NESIS. Injiniyoyi da masu fasaha suna da tasu rajistar a COREN, wadda ke nan tun 1970, ingancin wayar da ake sayarwa a kasuwa kuma yana hannun hukumar SON.

To ina LECAN a cikin wannan jerin? A doka, tana gefe. Takardar NEMSA ce ke ba mutum izinin aiki, katin ƙungiya shaida ce kawai ta zama ɗan gida. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma ba a tilasta wa mai lasisi ya shiga wata. A aikace kuwa, ƙungiyar tana yin abin da hukuma ba za ta iya ba. Sufetocin gwamnati ba su da yawan da za su shiga kowane lungu na Rafin Guza ko Badarawa su leƙa silin, amma masu sana'a sun san junansu, sun san wanda ya koya a hannun wa, sun san wanda aikinsa ke yawan dawowa gyara. Reshen ƙungiya ne ke tara mutane idan za a yi bita ko jarrabawar tantancewa, shi ke shiga tsakani idan mai gida da ɗan kwangila suka saɓa kan kuɗi ko ingancin aiki, shi ke zama da kamfanin wuta da murya ɗaya. Shugabanninta sun daɗe suna kokawa a bainar jama'a kan abu biyu: 'yan ta-ci-barkatai da ke aiki ba horo, da jabun wayoyi.

Maganar jabun waya tana da ɗaci a Kaduna musamman, domin garin yana da masana'antar waya tasa, NOCACO, kuma wayar Najeriya ta kamfanoni irin su Cutix da Coleman ta yi suna wajen inganci. Duk da haka kasuwa cike take da wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali kaurinta bai kai ba, da wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa ruwan tagulla. Mai gida da ya je kasuwa da kansa don ya rage kashe kuɗi ba zai bambance ba. Ƙwararre yana ganewa da ya feƙe bakin wayar ya kankare ta, ko ya ɗaga naɗin ya ji nauyinsa.

Mai sa hannu daban, mai aiki daban

Raunin tsarin yana wuri ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa gini ya san shi. Yawancin gidajen talakawa da masu matsakaicin hali ba ɗan kwangila mai lasisi ke yi masu wayarin ba. Wani matashi ne na unguwa da ya koyi aikin a hannun maigidansa, wataƙila ya iya sosai, wataƙila rabin iyawa. Sai an gama komai, an zo neman mita, sannan a tuna da fom, a nemi mai lasisi ya sa hannu. Idan mai lasisin ya je ya buɗe akwati, ya gwada, ya ce a gyara kaza kafin ya sa hannu, tsarin ya yi aikinsa. Idan kuwa ya karɓi kuɗi ya buga hatimi a shagonsa bai taka gidan ba, takardar ta zama shaidar zur, kuma ta fi rashin takarda muni, domin kamfanin wuta zai sako wuta yana ganin an duba.

A nan ne ake auna ƙungiyar sana'a. Tana da fuska biyu da ke jan ta: kare abincin 'ya'yanta, da kare jama'a daga 'ya'yan nata. Hukunta ɗan ƙungiya mai biyan kuɗin wata-wata ya fi yi wa bare ihu wuya. Birtaniya ta gane haka tun 1956, lokacin da aka kafa NICEIC a matsayin mai duba aikin 'yan kwangila dabam da ƙungiyarsu, kuma tun 2005 dokar gini ta Ingila ta yarda ɗan kwangila mai rajista ya shaida aikinsa da kansa, bisa sharaɗin cewa ana zuwa lokaci-lokaci a duba samfurin ayyukansa, a kuma cire shi daga rajista idan ya gaza. Abin koyi a nan shi ne bibiya: kowane sa hannu yana da suna da lamba, kuma idan gida ya ƙone ana iya komawa a tambayi wanda ya shaida shi.

Kiran duk marar lasisi ɗan ta-ci-barkatai ma bai warware komai ba. Waɗannan matasa su ne ke yin aikin, kuma ba za su daina ba, domin su mai gida ke iya biya. Kaduna tana da kayan aikin jawo su cikin tsari fiye da yawancin garuruwa. Hedikwatar hukumar NBTE, mai kula da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga waɗanda suka koyi sana'a a wajen aji, tana cikin garin. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai makarantar fasaha ta Malali, ga kuma Panteka, inda dubban yara suka koyi sana'a a hannun iyayen gidansu. Ƙungiyar da ta ɗauki waɗannan matasa a matsayin 'yan koyo masu rajista, ta kai su ga jarrabawa, ta fi amfani ga mazauna Kawo a kan wadda ta tsaya gadin hatimi.

Sola, janareta da sabuwar doka

Aikin ma ya sauya. Gidan da aka yi wa wayarin a shekarun 1980 domin fitilu shida, fanka biyu da rediyo, yau yana ɗauke da firji, injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, kuma wuta na shigo masa ta hanya uku: ta kamfani, ta janareta, ta sola. Bayan duhun da ya rufe yawancin Arewa a Oktoba 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando ke lalace sannan layin da ke kawo wuta ta Ugwuaji da Apir ya faɗi, wanda duk ke da hali ya ƙara karkata ga faranti da batir.

Kowace sabuwar hanya da irin haɗarinta. Janaretan da aka jona ba tare da makunnin sauya layi ba yana iya tura wuta baya zuwa falwaya, ya kama ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin layin a kashe yake. Wutar da ke fitowa daga farantin sola da batir iri ce dabam da ta kamfani, tartsatsinta ba ya saurin mutuwa, kuma tana buƙatar nata bireka da waya mai kauri. Mafi yawan wannan aiki ba ya bi ta kan Fom 74 ko kaɗan, tunda mai sa sola ba ya neman izinin kamfanin wuta. Ƙofar da ƙungiyar ta daɗe tana tsaye a bakinta, yanzu an huda wata a gefenta.

Doka ma ta motsa. A Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a yankunan da layin ƙasa ya ratsa, a Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005 ta kuma bar wa NEMSA aikin duba inganci. Tun 2024 NERC ta fara miƙa ikon sa ido ga hukumomin jihohi, Enugu, Ekiti da Ondo na cikin na farko. A Janairun shekarar ce kuma ta rushe hukumar daraktocin Kaduna Electric saboda bashin da ya kai kimanin naira biliyan 110. Kamfanin da ke fama da irin wannan bashi hankalinsa yana kan mita da karɓar kuɗi, abin da ke bayan mita kuwa ba ya cikin lissafinsa.

Ga mai gini a Kawo, abin da doka ta ba shi a yanzu bai wuce tambayoyi kaɗan ba, kuma yana da haƙƙin yin su kafin a rufe bango: ya nemi ganin takardar NEMSA ta wanda zai sa hannu, ya tabbatar mutumin ya zo gidan da na'urar gwaji, a nuna masa inda aka kafa sandar ƙasa, sannan ya riƙe kwafin fom ɗin mai ɗauke da suna da lambar wanda ya shaida aikin. Idan saɓani ya taso daga baya, da wannan kwafin ne zai je reshen ƙungiya ko ofishin sufetocin NEMSA.